Ciyawa Ma Tana Bukatar Taki: Daga Turakun Tudun Wada Zuwa Gonakin Shika

Duk wanda ya bi titin Tudun Wada a Zariya da hantsi cikin watan Afrilu zai ga wata haja da ba ta kwantai. Harawar wake ce da ta gyaɗa, an ɗaure ta ƙunshi-ƙunshi an jingina da bango, ga buhunan dusa da kowa a gefe, ga kuma ingiricin da ya fara yin fari saboda rana. Mai saye sai ya ɗauki ƙunshi ya jinjina, ya cusa hannu tsakiya ya ji ko ganye ne ko tsirarun kara aka cika masa, ya kai hanci ya shinshina ko ta yi fumfuna, sannan a shiga ciniki. Yawancin masu sayen nan ba makiyaya ba ne. Malaman makaranta ne da teloli da matan aure da suka turke rago ɗaya ko biyu a bayan ɗaki, suna jiran Sallah.

Kukansu ɗaya ne, abincin dabba ya yi tsada. Akwai gidajen da abin da rago ke ci a mako yake neman kamo kuɗin cefane.

Layya ta koma bazara

Wani ɓangare na matsalar lissafin wata ne. Babbar Sallah ta kama 16 ga Yuni a 2024, ta kama 6 ga Yuni a 2025, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kusan kwana 11. Ke nan watanni ukun da ake ƙosar da rago sun faɗo cikin Maris da Afrilu da Mayu, daidai lokacin da daji ya ƙone, karan gona ya ƙare, sabuwar ciyawa kuma ba ta fito ba. Haka za a yi ta fama shekaru masu yawa nan gaba, don Sallar tana ƙara nutsawa cikin rani ne.

Ɗaya ɓangaren kuwa ƙasa ce. Filayen da yara ke zuwa da lauje su yanko kyasuwa da harkiya a bayan gari sun zama filoti, fadamu sun zama lambuna, burtali ya tsuke. A ƙasar Zazzau ana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, ruwan da ya isa ya tsirar da ciyawa mai yawa. Amma ɗan filin da ya rage ana yankarsa ana kiwo a kansa shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa mayar masa da ko cikin hannu na taki. A wurin Bahaushe ciyawa kyautar Allah ce, abin da ake nomewa a gona a zubar. Shi ya sa idan aka ce wa manomi ya zuba takin zamani a kan ciyawa, kallon da zai yi wa mutum ya isa amsa.

Duk da haka tambayar ta zo ƙofar gida. Tunda ciyawa ta zama abin saye da sayarwa, dole a san abin da take ci, da abin da cin nan yake yi wa dabba da ƙasa da ruwan sha.

Yuriya, kamfa da supa

A shagunan taki na Tudun Wada da Sabon Gari, sunaye uku ne a bakin mutane. Akwai yuriya, farin taki mai ƙananan ƙwayoyi da ke narkewa a tafin hannu idan akwai gumi. Akwai kamfa, wanda aka haɗa sinadarai uku cikinsa. Sai supa, mai launin toka, wanda ya yi ƙaranci a 'yan shekarun nan. Ana sayar da su buhu-buhu, ana kuma auna wa mai ƙaramin ƙarfi a mudu.

Yuriya sinadarin naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin. Shi ne mai sa ganye ya yi kore shar, kuma shi ciyawa ta fi ƙishirwarsa a ƙasar nan, domin jar ƙasar tudu ta yankin Zariya ba ta da ruɓaɓɓen ganye da zai samar da shi, sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Gwaje-gwaje a ƙasashe masu zafi sun nuna cewa idan ruwa ya wadata, kilo ɗaya na naitirojin kan ƙara kilo 20 zuwa 30 na busasshiyar ciyawa. A lissafin kasuwa, buhun yuriya ɗaya na iya zama kusan rabin tan na ingirici, abin da zai riƙe raguna huɗu ko biyar wata uku. Filin daji da ba a kula da shi kan ba da tan 2 zuwa 3 a hekta, shukakkiyar ciyawa da ta sha taki kuwa tana iya kai tan 10 ko ta wuce.

Sai dai amfanin yana da iyaka. Buhun farko ya fi na biyu aiki, na biyu ya fi na uku, har a kai inda ƙarin taki asara ne kawai. Kuma yuriya ba ta son a watsa ta a busasshiyar ƙasa a tafi: cikin 'yan kwanaki wani kaso mai yawa zai bi iska. Ana sa ta ne ƙasa na da laima, a raba ta kashi biyu ko uku, a riƙa bin bayan kowane yanka.

Supa kuwa sinadarin fosfaros ne a cikinsa, haɗe da farar wuta da sinadarin ƙashi. Aikinsa a saiwa yake, ido ba ya saurin ganinsa, abin da ya sa manoma da yawa ke raina shi. Amma ƙasar arewa matalauciya ce a fannin fosfaros, kuma dangin wake, irin su gyaɗa da lablab da sitailo, ba sa yin kirki sai da shi. Sinadari na uku da ke cikin kamfa, fotashiyam, ya fi sauƙin samuwa a ƙasarmu, har ƙurar hunturu da ke sauka kowace shekara tana ƙara shi. Inda yake ƙarewa da sauri shi ne filin da ake yanke ciyawa a kwashe a kai gari, domin dabbar da za ta mayar da shi ta fitsari da kashi tana can turke a wani gida.

Tsawo daban, ƙoshi daban

Mai kiwo na gaskiya ya san ba kowace koriyar ciyawa ce ke sa ƙiba ba. A farkon damina, ɗanyar ciyawa tana ɗauke da sinadarin gina jiki kashi 10 cikin 100 ko fiye. Da ta yi kara ta fid da kai, sai ya fara zubewa, kafin tsakiyar rani ya koma kashi 2 ko 3. Tumbin saniya kuwa yana bukatar kimanin kashi 7 kafin ƙwayoyin halittar da ke cikinsa su iya narkar da abin da ta ci. Ƙasa da haka, za ta cika ciki amma tana ramewa. Wannan ne ya sa shanun Bunajin da suka yi sheƙi a watan Satumba suke fid da haƙarƙari a watan Afrilu, nono ya ƙafe, maraƙi ya tsumbure.

Naitirojin yana ɗaga sinadarin gina jiki a ciyawa, wannan tabbas ne. Amma yana kuma sa ta girma da sauri ta tsufa da wuri. Wanda ya kashe kuɗi ya sa yuriya, sannan ya bar gamba ta kai tsawon mutum biyu kafin ya yanka a watan Nuwamba, ya samu kayan zana da jinka masu kyau, dabbarsa kuwa ba ta ƙaru da komai ba. Lokacin yanka shi ne rabin aikin: kafin ta yi fure, daidai ɗaukewar ruwa, a shanya ta bushe da korenta, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara.

Akwai haɗari kuma. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa na kashe dabba, musamman idan ya sha fari. Guba ce ke taruwa a ɗanyen tsiron, kuma yawan naitirojin yana ƙara ta. Haka ciyawar da aka cika wa yuriya sannan ruwa ya ɗauke, takan tara gishirin naitiret da ke hana jinin dabba ɗaukar iska. Sai a ga tana haki tana tangaɗi, kafin a nemo likita ta faɗi.

Ƙarancin fosfaros shi ma yana bayyana a jikin dabba. Saniyar da ke tauna tsohon ƙashi ko lasar ƙasa da bango, abin da ta rasa a ciyawa take nema. Tun wajen 1920 likitan dabbobi Arnold Theiler ya gano a Afirka ta Kudu cewa wata cutar shanyewar jiki da ke kashe shanu daga nan ta samo asali: ƙarancin fosfaros a makiyaya ke sa su cin ƙashin mushe, su kwashi guba. Kanwar da ake ba shanu a nan tana da nata amfanin, amma ba ta maye gurbin wannan sinadari.

Shika, kilomita 20 daga nan

Duk wannan ilimi ba sai an ƙetare teku ba. A kan hanyar Funtuwa, kimanin kilomita 20 daga Zariya, akwai Shika, inda Turawa suka buɗe gonar dabbobi a 1928, wadda ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, a 1976 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Mutanen gari sun fi saninta da kajin Shika Brown, amma shekaru da dama ana gwada irin ciyawa a can, na gida da na waje, ana auna abin da kowace ke bayarwa da taki da kuma babu taki.

Gambar da manomi ke dasawa a iyakar gona ta yi tafiya mai nisa daga nan. Wani irinta da aka ɗauka daga Shika ya isa Kolombiya a farkon shekarun 1970, kuma a 1980 aka fitar da shi ga masu kiwo a Kolombiya da Barazil, saboda yana jure ƙasa mai tsami marar fosfaros. Sai ga shi a 2016 ministan noma na lokacin, Audu Ogbeh, ya yi maganar shigo da irin ciyawa daga Barazil, aka yi ta cece-kuce. Yawancin ciyawar da shanun Barazil ke ci 'yar asalin Afirka ce. Abin da suka ƙara mata shi ne zaɓen iri, da gyaran ƙasa da farar ƙasa da fosfaros, da kuma shinge.

A Samaru kuma, a Cibiyar Binciken Aikin Gona, akwai wani fili da aka yanka ƙanana-ƙanana tun 1950, ana sa wa wasu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu a bar su haka. Kayan gona aka riƙa shukawa a can, amma darasin ya shafi ciyawa kai tsaye. Inda aka dage da naitirojin na kanti shi kaɗai, ƙasa ta yi tsami, ƙarfinta ya ragu. Inda aka haɗa da kashin shanu, ta riƙe kanta.

Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a Rothamsted ta Ingila, inda tun 1856 ake gwada taki a kan wata makiyaya har yau. Ɓangaren da ba a taɓa sa wa taki ba yana da tsirrai fiye da iri 30. Wanda aka yi ta zuba wa wani nau'in takin naitirojin mai sa tsami ya koma iri biyu ko uku, dangin wake kuwa suka ɓace. Ciyawa ta yi yawa, amma abincin ya zama kala ɗaya.

Abin da aka gwada a Kaciya

A ganin mai wannan rahoto, gwajin da ya fi dacewa da aljihun talaka shi ne wanda aka yi a kudancin jihar Kaduna cikin shekarun 1980. Masu bincike na cibiyar ILCA, wadda daga baya ta narke cikin ILRI, sun yi aiki da Fulani mazauna yankin Kaciya a kan abin da suka kira rumbun ciyawa. A killace fili kamar hekta 4 kusa da ruga, a riƙa kwantar da shanu a ciki har kofatonsu ya farfasa ƙasa kashinsu ya jiƙa ta, sannan a watsa irin sitailo, wani tsiro ɗan dangin wake, tare da supa kamar buhu uku a hekta. Da farkon damina a saki shanu su cinye ciyawar da ke neman danne shi, sai a rufe. Idan rani ya tsananta, a riƙa shigar da shanu masu ciki da masu shayarwa awa biyu ko uku a rana.

Hikimar ita ce ba a sayen naitirojin. Saiwar sitailo tana da ƙananan ƙulli da ke jawo shi daga iska, kamar yadda gyaɗa da wake ke yi. Fosfaros kawai ake ba shi. Kuma ko ya bushe yana riƙe sinadarin gina jiki fiye da ciyawar daji nesa ba kusa ba. Shanun da suka samu shiga sun rage ramewa, mutuwar maruƙa ta ragu. Bayan 'yan shekaru ƙasar takan yi ƙarfi har ciyawa ta fara rinjayar sitailon, a nan sai a noma masara ko dawa a wurin ta sha abin da ya tara, sannan a sake komawa.

An kafa ɗaruruwan irin waɗannan filaye, amma da yawa ba su ɗore ba. Wayar shinge ta yi tsada, gobarar daji ta ci wasu, rancen da aka dogara da shi ya tsaya. Babban abin da ya kayar da su kuwa shi ne makiyayi ba ya da tabbacin filin zai kai baɗi a hannunsa.

Inda ragowar takin ke tafiya

Shuka ba ta shanye duk naitirojin da aka zuba mata, sau da yawa rabi ma da ƙyar. Saura wani ya bi iska, wani ya nutse ƙasa, wani ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi. A Zariya rafin shi ne Kubanni, wanda ya biyo ta Samaru ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada ya faɗa Galma. A gaɓarsa ake noman latas da kabeji da alayyafo, ana zuba yuriya, ga magudanan gidaje na kwarara ciki. Duk wanda ya tsaya a kan gada da rani zai ga ruwan ya yi kore, gansakuka ta rufe gefensa. Alamar ruwan da abincin tsiro ya yi wa yawa ke nan, kuma idan gansakukar ta ruɓe takan shanye iskar da kifi ke shaƙa.

Wanda ya nutse ƙasa kuwa rijiya yake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a miligiram 50 cikin lita, musamman don kare jarirai. A unguwa mai cunkoso kamar Tudun Wada, inda rijiya da masai da turken dabbobi ke cikin gida ɗaya, kashin dabbar da aka tara a lungu ruwa na dukansa ya fi takin kanti zama barazana. Akwai kuma wata iska da ke tashi daga ƙasar da ta jiƙe da naitirojin, wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na hayaƙin kabon kusan sau 270.

Turai ta riga ta ɗanɗana. Tun 1991 Tarayyar Turai ta yi dokar taƙaita naitirojin na kashin dabbobi zuwa kilo 170 a hekta a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari, kuma a Holan rikicin rage shi ya fito da manoma kan titi da taraktoci daga 2019. Amma kuskure ne a kwaso tsoronsu a dasa a nan yadda yake. Lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006, takin da nahiyar ke sawa bai wuce kilo 8 a hekta ba, suka yi alkawarin kai shi 50, har yau Najeriya ba ta kai ba. Tudun ƙasar Zazzau yunwa ke damunsa. Wuraren da takin ya yi yawa 'yan kaɗan ne, bakin rafi da fadama da kwatar gari, kuma ciyawa mai zurfin saiwa kamar gamba, idan aka bar zirinta a gaɓar ruwa ba a sa mata komai ba, tana tare ƙasa da takin da ke gangarowa daga lambu.

Wa zai sa taki a filin da ba nasa ba?

Manomi yana da hujjarsa. Buhun kamfa da aka sayar Naira 5,500 ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa a 2017 ya ninka sau da yawa, bayan yaƙin Rasha da Yukren a 2022 da cire tallafin mai da faɗuwar Naira a 2023. Wannan kuwa duk da cewa Najeriya na fitar da yuriya waje, daga masana'antar Indorama ta Fatakwal da ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022. Wanda ya samu buhu biyu da ƙyar, masara zai ba. Kuma yana da gaskiya idan ya ce takin da ya sa wa masara da wake shi ne dai ke dawowa a kara da harawa.

Makiyayi shi ma yana da tasa. A da manomi ke roƙonsa ya kafa mashekari a gonarsa da rani, har ya ba shi hatsi, don shanu su bar masa kashi. Yanzu karan ma sayarwa ake yi. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi filayen kiwo, kuma ana lissafa fiye da 400 a faɗin ƙasar, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a hukumance, da yawa kuma gonaki sun cinye su. Filin da garken kowa zai shiga, babu mai sayen supa ya zuba masa.

Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, ana kuma ta maganar killace dabbobi. A Damau ta ƙaramar hukumar Kubau akwai gonar madara ta kamfanin Arla inda ake noma abincin shanu kamar yadda ake noma hatsi. Irin wannan sai mai jari. Mai hekta ɗaya a Giwa ko Soba da zai so ya noma lablab ko gamba ya kawo Tudun Wada a watan Afrilu, abubuwa uku yake bukata: iri mai tsirowa, supa a kusa, da wanda zai nuna masa ranar yanka. Na farko da na uku suna Shika da Samaru. Na biyun ne ya yi wuya, domin takin da ake haɗawa a ƙasar nan, irin kamfa 20-10-10, da hatsi aka auna shi, yawan naitirojin ɗinsa kuma ciyawa yake ƙarfafawa ta danne dangin wake. An gina masana'antar supa a Kaduna tun 1976, akwai kuma dutsen fosfat kwance a ƙasar Sakkwato, amma manomin da ya shiga shago yau ya tambayi supa, sau da yawa kamfa za a miƙo masa.